Bayan Farin Ƙyalle

Na'iya ya kama hannun Abdulhamidu ya ja shi ta cikin mutanen da suka toshe ƙofar ajin, yana cewa a ba ma'aikacin gwamnati hanya, ko da yake ma'aikacin ko kakin aikin bai karɓa ba tukuna. An fitar da bencinan makarantar Tambuwal waje, an kafa zana a jikin bango, an maƙala mata wasu takardu masu shara-shara kamar ɓawon albasa. Kowace takarda da zanen mutum a jikinta. A saman ƙofa an rubuta da boko da ajami: Nunin Yadda Ake Sa Zane Ya Yi Motsi. Shekara biyu da samun mulkin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta bincika ta gano cewa abin da ya rage wa mutanen Tambuwal su sani ke nan.

Na'iya shi ne mai juya injin majigi, kuma tun suna elemantare yake shirya wa Abdulhamidu rayuwa ba tare da ya tambaye shi ba. Wannan karon aiki ya samo masa. Fim ɗin da motar majigi take yawo da shi ba shi da murya, sai an sami mai tsayawa gefen farin ƙyalle da lasifika yana sa wa zanen magana a baki. Abdulhamidu kuwa ya gaji da koya wa dattawan Kebbe a-ba-ca-da a gindin tsamiya, suna gyangyaɗi suna ce masa Allah ya yi albarka. Ranar Alhamis zai fara, kuma a Kebbe za a fara, garinsu, gaban kowa har da mahaifiyarsa.

Wani tsoho da ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje don kada zunubin ya same shi duka, ya ce, “Ranar gobe za a ce masu zanen ga su hura masu rai.”

“Sun riga sun hura, Baba,” in ji Na'iya. “Da injin wuta.”

Ya zagaya da abokinsa bango-bango yana bayani da muryar wanda jiya aka yi masa bayanin. Ga zanen farko, ga na biyu, bambancinsu bai fi ɗaga diddige ba. A jera su, a gudu da su gaban fitila, sai ido ya yarda tafiya ake yi. Labarin mutum biyu ne. Malam Mai Tsabta yana shan ruwan rijiya, yana tacewa, rumbunsa ya cika, 'ya'yansa duk da hula. Gaɓo kuwa ruwan tafki yake sha, kurkunu ya kama shi, ya kwanta damina guda, ciyawa ta cinye masa gero. An yi wa Gaɓo hanci kamar ludayi da kunnuwa kamar faifai.

“Shi ɗin ga shi ne abincinka,” in ji Na'iya. “Mai Tsabta ba mai kallon shi. Gaɓo aka zuwa gani.”

A tsakiyar ajin an ajiye wani akwati a kan tebur, da ramin leƙawa da hannun juyawa a gefe. Na'iya ya ce a jira malam ya gani tukuna. Abdulhamidu ya sunkuya, ya sa ido ɗaya, ya fara juyawa. Takardun ciki suka soma kaɗawa, ƙiris ƙiris ƙiris.

Gaɓo ya fito daga bukkarsa ya nufi tafki.

Yana jefa ƙafar hagu gefe kamar mai tsallake ƙaramin rami, kafaɗar ta bi ta ta sauka, sannan ya jawo sauran jikin. In ya ɗan yi gaba sai ya kai hannu ya tura hularsa baya da babban yatsa, kamar hular ce take tsare masa hanya.

Abdulhamidu ya daina juyawa. Gaɓo ya tsaya da ƙafa a sama. Ya sake juyawa a hankali, ƙafar ta sauka inda ya san za ta sauka. Ya san wannan tafiyar.

Wansa Tambaya mai haƙar rijiya ne. A wata rijiya da yake haƙa a Sanyinna ƙasa ta zubo ta danne masa ƙafar hagu, aka ciro shi da igiya, ya warke da wannan tafiyar. Rabin rijiyoyin da ake sha tsakanin Kebbe da Dogon Daji shi ya shiga cikinsu kafin guga ya shiga. Wata shekara Abdulhamidu ya dawo hutu daga Midil ta Sakkwato ya tarar gida ana dariya, wai wasu Turawa sun tsayar da Tambaya bayan kasuwa, sun sa shi ya yi ta kai da kawo gaban wani akwati mai ƙafa uku, suka ba shi bargo. Tambaya da kansa ya fi kowa dariya. Ya ce masu ƙafa biyu lafiya suna nan birjik ba wanda ya ba su ko kwalli. Bayan haka sanƙarau ya zo wata bazara ya tafi da shi, a cikin bargon aka ɗauke shi zuwa wanka.

Ba a taɓa yi masa hoto ba. Tun bara Abdulhamidu ya lura in ya rufe ido ya nemi fuskar wansa, sai ya sami hula da gemu, tsakiya babu kowa. Ashe tafiyar tana nan. Gwamnati ta adana ta, ta sa mata hancin ludayi.

Ya ɗago. A jikin zanar da ke gabansa akwai ƙaramar takarda da aka buga da tafireta, tana bayanin cewa don zanen ya yi kama da gaskiya, an fara ɗaukar hoton wani mutumin ƙauye yana tafiya, sannan masu zane suka bi sawunsa. Ba a faɗi sunan mutumin ba. An dai faɗi sunan injin da aka ɗauke shi da shi.

“Na'iya.”

Na'iya yana gyara wata takardar da ba ta karkace ba.

“Ka sani.”

“Tun ranar da anka kawo shi. Ni nika juya shi, Hamidu. Ina ganin shi fiye da yadda nika ganin matata.”

“Kuma ka jawo ni.”

“Na jawo ka.” Ya ja shi kusa da taga, nesa da kunnen mutane. “Ka san wa ka yi ma Gaɓo magana yanzu? Ɗangiwa. Ka taɓa jin Ɗangiwa da lasifika? Duk sanda ƙafar ga ta sauka sai ya yi mata tusa da baki. Yana kiran shi Gurgu Sarkin Ƙwanƙwasa. A Dogon Daji sai da wani ya faɗi ƙasa don dariya. In ka ƙi, shi za ya tsaya a Kebbe ran Alhamis, gaban mutanen da ka shan ruwan rijiyoyin Tambaya.”

“A cire Kebbe daga jerin.”

“Ni da ka naɗe waya? Kai dai.”

Abdulhamidu ya dubi waje. Jakuna biyu suna cin karan da aka zo da shi don zana. Ya yi tunanin mazan Kebbe zaune a ƙasa, fuskokinsu sun yi fari da hasken ƙyalle. Za su gane, wannan babu shakka. Za su gane, kowa ya yi kamar bai gane ba, don a Kebbe in abu ya yi nauyi shiru ake ɗaukar shi da shi. Ko za su yi dariya ko ba za su yi ba, wannan yana bakin mai lasifika. Amma ba su ne suka tsaya masa a ƙirji ba.

“Inna fa?” ya ce. “Ɗan fari ne. Har yau ba ta iya faɗin sunan shi. In ta gan shi hakanan...”

“Inna Atu ta gani.”

Abdulhamidu ya juyo.

“A Jabo. Lokacin da ta tafi wankan jegon ƙanwarka Ummu, mu kuma munka kai majigi can. Ban san tana garin ba. Muna naɗe kaya sai na ji an ce, ɗan Hadijatu, ba ka gaisuwa? Na waiga, sai ga ta. Ta ce mani, wanga sakarai naku ya tuna mani da wani yaro. Na ce, to, Inna. Ta ce har hular. Na ce, to, Inna. Sai ta ce, amma naku dama shika ja, nawa hagu ne. Ta yi dariya, ta ce Allah bai yi gurgu guda ba. Har ta ba ni ƙuli-ƙuli.”

“Dama? Yanzu na gan shi, hagu ce.”

Na'iya ya waiga, ya zare takarda ɗaya daga jikin zana, ya ɗaga ta a hasken taga. Gaɓo yana jefa ƙafar hagu. Ya juya takardar, bayanta ya koma gaba. Hasken ya ratsa, zanen yana nan sarai, sai dai yanzu gabas ya nufa maimakon yamma, kuma ƙafar dama yake jefawa.

“Mata ina suka zama in ana majigi?” in ji Na'iya.

A bayan ƙyalle suke zama. Kowa ya san wannan. Maza a gaba wajen injin, mata da tsofaffi a baya inda ba a ganinsu, kuma hoton yana ratsa ƙyallen ya iske su. Ba wanda ya taɓa damuwa da cewa duniyar da suke gani a juye take, tunda ba a taɓa tambayarsu abin da suka gani ba.

Abdulhamidu ya karɓi takardar. Ba ta da nauyin komai. Ya juya ta, wansa. Ya sake juyawa, wani gurgu can da Allah ya yi. Wata dariya ta taso masa, ya haɗiye ta don bai yarda da inda za ta ƙare ba.

“To ai shi ke nan,” ya ce. “Ta zauna inda ta saba.”

Na'iya ya sosa ƙeya.

“Mi kuma?”

“Uban ƙasa ya ji ɗan gari ne za ya yi magana. Ya ji daɗi. Ya ce a shimfiɗa ma uwar malam tabarma a gaba, kusa da kujerar shi, ita da tsofaffin gidan shi. Ya ce zamani ya canza.”

“Wa ya kai mashi labarin ɗan gari ne?”

Na'iya ya dubi jakunan.

“Ni dai alheri nika nufi. Ban yi tunanin ƙafa ba sai da manzo ya riga ya tafi. An gaya mata tun shekaranjiya. Na ji ta aika a rino mata zane.”

Abdulhamidu ya san zanen. Guda ɗaya ne, saƙi, tun na aurenta, yana ƙasan adudu. Ya san kuma yadda za ta yi: ba za ta ce komai ba, za ta dai yi ta ba maƙwabta labarin tsadar baba a wajen marina har sai sun tambaye ta ina za ta. Mace ce da ta daka gero ta sayar da fura har ya gama Midil, ba ta taɓa zama gaban komai ba sai murhu. Yanzu an kira ta gaba sau ɗaya, don ta ga ɗanta na fari yana jan ƙafa zuwa tafki, ɗanta na biyu yana ba shi murya.

A bayansu wani mai sayar da goro ya samu akwatin, ya sa ido, yana juyawa da sauri. “Kai, ku zo ku ga ɗan banza,” yake cewa.

“Ba a iya juya fim ɗin?” in ji Abdulhamidu.

“A juya shi, rubutun gwamnati ya fito a birkice gaban uban ƙasa. Kuma matan Kebbe duka na baya su ga hagu. Su ba su shiru kamar maza.”

“In ta yi rashin lafiya...”

“Inna Atu? Ko a makara sai ta zo.”

Abdulhamidu ya mayar da takardar jikin zana, ya soka ƙayar da aka maƙale ta da ita a ramin da ta fito.

“Motar Kebbe yaushe taka tashi?”

“Bayan azahar. Mi za ka ce mata?”

“Zan ce ni ma'aikacin gwamnati ne yanzu. Manya za su zo daga Sakkwato. Bai kamata a ga uwata zaune cikin maza ba, tana tauna goro tana tofarwa. Ta zauna baya da 'yan uwanta.”

Na'iya ya dube shi. “Za ta yarda kuwa kai ne ka faɗi haka?”

“Tun ranar da anka kai ni boko mutane ka gaya mata haka za ni zama. Ba za ta sha wuyar yarda ba.”

“Ba ta yafe maka, Hamidu. Gari ma ba su yafe maka.”

“Ka gaya ma Ɗangiwa ya huta ran Alhamis.”

Ya ratsa mutane ya nufi ƙofa. Tsohon nan yana nan inda suka bar shi, sai dai ƙafar ta biyu ma ta shigo. Abdulhamidu ya fita rana, ya tsaya yana neman takalmansa a cikin tulin da ke bakin ajin. Daga ciki ana ta juya akwatin, ƙiris ƙiris ƙiris, ana dariya. Bai waiwaya ba. Daga ƙarar kaɗai yana iya sanin lokacin da ƙafar take sauka.