Tukunyar Kadi Mai Ƙyalli

Shekarar da Faransawa suka naɗe kayansu, Haladu kukun komanda ya dawo gida Agiye da wata tukunyar ƙarfe da ya tsinta a bayan garejin buro, wato ofishin komanda. Matarsa Kadi ba ta dafa komai a ciki ba. Ɗora ta kawai ta yi a saman jerenta, mata na shigowa suna duba fuskokinsu a jikinta.

Mero, yayar Kadi, ita ce mai kunun tsamiyar tasha. Shekara goma sha ɗaya tana sayarwa a ƙwarya mai ɗinki biyu, direbobin motocin gyaɗa ba sa wuce ta. Amma tun da ta ga tukunyar, ƙwaryar nan ta fita daga ranta. Komai na Kadi ƙyalli yake yi, tun suna yara.

Ranar kasuwa Kadi ta tafi Gazawa ta'aziyya. Mero ta shiga ɗakin, ta sunkuce tukunyar a ƙarƙashin gyale. A ciki ta jiƙa tsamiya tun safe, a ciki ta dama kunu.

"Kai, Mero, yau kin zama matar komanda!" in ji wani direba.

Kunu ya ƙare kafin hantsi ya yi nisa. Ta wanke tukunyar, ta mayar inda take.

Kafin azahar mutum tara na kwance a gindin bishiyar bedi, suna amai suna riƙe ciki. Likitan garin ya sa aka kira Mero.

"Inna, a me kika jiƙa tsamiyar?"

"A ƙwarya."

"Kin tabbata? Akwai ƙarfen da ake shafa wa kadmiyom don kada ya yi tsatsa. Na kayan mota ne, ba na abinci ba. Tsami na kankare shi. Yau amai ne, in aka daɗe ana sha ƙoda yake ci."

"A ƙwarya," Mero ta sake cewa, idonta a ƙasa.

"To laifin na kunun ne. Ki dakata da sayarwa."

Kwana uku ba wanda ya gaishe ta a tasha. In ta faɗi gaskiya kununta zai fita daga zargi, amma Agiye za ta ji cewa ta shiga ɗakin ƙanwarta ta ɗauki kaya.

A rana ta huɗu sai ga Kadi, tukunyar a kai, tana haki.

"Yaya, ƙwaryar nan taki ce ta tsufa. Ungo wannan. Masu saye su ga ƙyalli, su dawo. Bari ma in fara sha a gabansu, ni da cikin nan nawa, mu ga mai sauran magana."

Ta durƙusa tana warware curin tsamiya. Mero ta dubi cikin ƙanwarta, wata bakwai, ta dubi tata fuskar da ta karkace a jikin ƙarfen. Sai ta riƙe hannun Kadi.

"Ajiye. Na riga na jiƙa a ciki. Ran da kika tafi Gazawa."

Kadi ta saki curin tsamiyar.

"Da kin roƙa, ai da na ba ki."

"Na sani," in ji Mero. "Shi ya sa ban roƙa ba."

Ta ɗauki tukunyar, ba ta rufe ta da gyale ba wannan karon, ta ratsa tsakiyar tasha zuwa wurin likita.