Kaza a Cikin Gangar Baba

Yayana Halliru da kunne yake sayen kaya. Duk wanda zai sayi injin ban-ruwa a unguwarmu a Goronyo, shi yake ɗauka su tafi tare. A tayar da inji, ya kara kunne, ya ce wannan zai ja ruwa daga kanal har ƙarshen gona, wancan kuwa ko fangalin albasa ɗaya ba zai jiƙa ba. Kuma ba ya kuskure. To wannan baiwar ce ta kai shi ta baro ranar da ya tashi sayen kwamfuta.

Dalilin kwamfutar kuwa mahaifinmu ne, Baba Mode, makaɗin noma. Kafin a gina dam, ba a gayya daga Shinaka har Wurno ba a aiko masa da goro ba. Da ruwa ya samu, kowa ya koma noman rani da injinsa da hayar tarakta, gayya ta mutu, ganga ta koma jikin bango. Abin da ya rage na zamaninsa kaset ɗaya ne da wani ya ɗauka a gonar gero. Maƙwabcinmu Malam Levi, ma'aikacin jinya da ke kula da kayan sauti a cocinsu, shi ya juye mana kiɗan kafin zaren kaset ɗin ya ƙarasa mutuwa. Muka sa a waya, muka kai wa Baba muna murna.

Ya saurara, ya ɗago kai. "Kaltume, mi an nan?"

Na ce, "Gangarka ta, Baba."

"Wagga? Sai ka ce ana bugun gwangwani?" Ya miƙo min wayar, ya ce, "Ashe haka nika kiɗi. Ashe ƙarya mutane sunka yi ta yi min."

Washegari ya sauke gangar da kansa. Dama fatar gefe ɗaya ta tsage. Ya kwantar da ita bayan madafa, ya ce kaji su samu wurin ƙwai. Wata jar kaza marar kunya ta karɓi tayin kafin azahar. Daga nan ya daina zama ƙofar gida, kuma in wani ya gaishe shi da "Mai Ganga" sai ya kau da fuska. Ni nake kai masa tuwo, ni nake dawowa da shi rabi. Abin ya ci mini rai ƙwarai, tsoho ya zauna yana ganin duk rayuwarsa gwangwani ya buga.

Malam Levi ya ce laifin waya ne. Sifikarta ba ta fi ƙwayar wake ba, ina za ta ɗauki cikin ganga? Kuma abin da ke cikinta matsattse ne, cikakken yana wurinsa. Halliru yana da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da manyan sifiku biyu da ya saya wata shekara da albasa ta yi daraja, suna ɗakinsa an lulluɓe su da zane kamar amare. Abin da ya rage, a samo kwamfutar da za ta riƙe kiɗan ta miƙa musu. Malam Levi ya ce a jira ranar hutunsa su je tare. Halliru ya ce inji inji ne, ya hau mota sai Sakkwato.

Ya dawo da wata baƙar kwamfuta kamar akwati, mai nauyin buhun wake, fuska fal murmushi.

"Na sa anka tada su duka," in ji shi. "Waɗansu ko numfashi ba su yi. Wagga kau, ke dai ji yadda taka gurnani."

Gurnani kam tana yi. Ga shi ba ta tashi sai da wuta, wuta kuwa babu, sai aka jawo janareta har bakin taga. Janareta na ruri, fankar kwamfuta na kuka, sifiku suna wani zuuu da ba ya yankewa. A haka muka lallaɓo Baba. Bai ko gama zama ba ya miƙe.

"Injin niƙa kunka kira ni in saurara?" Ya fita, ya bar mu da hayaƙi.

Na so in yi wa Halliru dariya, amma fuskarsa ta hana ni. Da Malam Levi ya dawo daga aiki ya ga akwatin, shi bai iya riƙewa ba, sai da ya dafa bango.

"Malam Halliru, ka koma ka yi yadda ka saba," ya ce. "Ka kara kunne. Wadda ba ka ji komai a cikinta ba, ita za ka ɗauko. Kuma mai batir, don mu huta da janareta. Amfilifaya sai mu jona ta da batirin solarka."

"Yanzu in zaɓi wadda ba ta da rai?"

"Ita."

Ya koma, mai shago ya yi masa musaya. Ya shigo gida da wata siririyar laftof ta hannu, duk ƙarzuna, maɓalli ɗaya ma ya fita. A cikin buhu ya ɓoyo ta don kada abokansa na fadama su gani. Malam Levi ya zuba mata cikakken kiɗan, ya ara mana wani ɗan akwati da ke tace sauti tsakaninta da amfilifaya. Aka kunna komai, ɗaki ya yi tsit. Halliru ya kara kunne jikin sifika don tabbatarwa, ya ce lallai an cuce shi.

Baba ya ce ba ya zuwa, kuma ba mu matsa ba. Bayan la'asar, yana kishingiɗe a gindin dogon yaro, muka buɗe ƙofa da taga, Malam Levi ya danna.

A ƙirji na fara jin gangar kafin kunne. Kwanonin matar Halliru suka hau rawa a kan kabad. A bayan gangar kuma ga abin da ba mu taɓa ji a waya ba: garemani suna faɗawa ƙasa tare, maza suna amsawa, wani yana haki yana dariya. Na leƙa. Yatsun Baba suna tafiya a kan tabarma.

Ya tashi ba da sandarsa ba. Ya shigo, ya wuce mu, ya ɗora tafinsa a jikin sifika, ya bar shi nan.

"Taken Yari manomin Shinaka na," ya ce a hankali. "Ji inda nis sauya mai hannu. Ya gaji, yana son ya zamna, nih hana shi. Sai da yak kai ƙarshen kuyyar gero." Hawaye na bin gemunsa bai share ba. "Hannuna na wanga. Ba su yi min ƙarya ba."

Ni ma kuka nake, Halliru kuwa ya hau gyaran wayar da ba abin da ya same ta. Da kiɗan ya ƙare Baba ya sa aka maimaita, ya zauna yana faɗa wa Malam Levi sunan kowane manomi da gonarsa, har da gonakin da ruwan dam ya daɗe da rufewa.

Da zai fita ya tsaya bakin ƙofa yana duban bayan madafa.

"Kaltume, kazar nan ta ƙyanƙyashe?"

"Tukuna, Baba."

"A bar ta ta gama, ni nib ba ta wuri. Amma Halliru, ka fara cigiyar fatar akuya mai kyau." Ya harare shi. "Kuma ni za ni zaɓa."