Hannun Willa a Bakin Igiya

Willa Pruitt ta yi ha'inci, kuma a gaban yara ta yi shi. Mace mai jikoki, mai jan waƙa a coci, ta tsaya tsakiyar titi da rana tsaka ta cuci ƙawarta a wasan igiya. Kada wani ya ce ai wasa ne. A wurin wasa ake gane halin mutum.

Ranar bikin layi ne a unguwarsu a birnin Filadelfiya na Amurka. An tare bakin titi da motoci, maza suna gasa haƙarƙari da masara, an buɗe famfon kashe gobara yara na ta iface-iface cikin ruwa. Sai ga ƙawar tata, Ernestine Gaddis, ta fito da igiyoyin shanya biyu a kafaɗa, ta ɗaure gwiwarta ta hagu da ƙyalle.

Jikarta Nyla ce ta jawo wannan. Tun da aka ba da hutu yarinyar take kwance da waya a hannu. Kakar ta yi ta ba ta labarin zamaninsu: yadda suke kwance igiyar shanyar iyayensu su bar zannuwa jiƙe a kan matakala, yadda suke zana 'yar gala-gala da ɓaraguzan bango, da carafke a kan dakali har gwiwa ta yi kanta, ba mai shiga gida sai fitilun titi sun kama. Ta ce a tsallen igiya biyu kuwa babu yarinyar da ta kama ƙafarta a layin nan.

"Ke, Kaka?" in ji Nyla. "Ke da sai kin dafa bango kike tashi daga kujera?"

"Ni ɗin fa, mai bakin tsiya."

"To ki yi in gani. In kika yi tsalle har ƙarshen waƙar wasan, na ajiye wayar nan na koya."

Abin da Ernestine take so ke nan. Ba ta damu da tafin kowa ba. So take yarinyar ta yarda kakarta ba maƙaryaciya ba ce, kuma wasan kada ya mutu a ƙafarta.

Da tsofaffin layi suka ga igiya, sai suka watsar da faranti suka taso. Lucille mai shagon kitso ta cire takalma masu tsini. Aka ɗauko wa Mama Ola kujera, tsohuwar da ta koya musu wasan tun suna 'yan ƙanana, idonta ya tafi amma bakinta na nan.

Willa ce ta fara shiga. Ta yi rangaji, ta faɗa ciki da ƙarfinta, kafin a gama baitin farko igiya ta naɗe mata ƙafa.

"'Yar'uwa," in ji Ernestine tana riƙe da ciki, "igiyar ce ta yi tsalle, ke kika tsaya kallo!"

Kowa ya yi dariya, har Willa ma ta yaƙe haƙora. Amma ta ƙullace ta. Dokar wasa ce wadda ta faɗi ta karɓi bakin igiya, don haka ta riƙe ɓangare ɗaya, Lucille ɗaya. Igiyoyin suka tashi, wannan ta sauka wannan ta hau, suna marin kwalta, tas-tas, tas-tas. Mata suka ɗauki waƙa:

"Mama ta aike ni sayen gishiri,
Na ga igiya na mance,
Miya ta ƙone, Baba ya dawo,
Ni dai ƙafata ba ta tsaya ba."

Ernestine ta auna, ta shiga. Ƙafar nan da take ja kullum sai ga ta tana tashi kamar ba tata ba. Ta ji iskar igiya a kunne, ta ji warin kwalta mai zafi, sai ta ga kanta da kitso biyu da farar safa. Ta juya ta fuskanci Nyla, ta yi mata gwalo. Bakin yarinyar a buɗe.

Nan Willa ta ɗaga hannunta na hagu kaɗan, kamar tsawon ɗan yatsa. Igiya ta daki idon sawun Ernestine, ta yi taga-taga, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ayya, tsufa ba wasa ba," in ji Willa, har da girgiza kai.

Ernestine ba ta ji zafin faɗuwar ba. Abin da ya soke ta shi ne ganin Nyla ta sunkuya tana laluben waya a aljihu.

"Wace ce a bakin igiya ta wajen coci?" Muryar Mama Ola ce.

Aka ce Willa.

"Willa Mae, zo nan. Igiyarki ta hagu ba ta taɓa ƙasa ba."

"Haba Mama, ke da ba kya gani?"

"Da ido ake jin igiya? Tas na ji, ban ji 'yar'uwarta ba. Lucille, ƙarya nake?"

"Ba ƙarya kike ba, Mama. Ni ma na ji ta fizge a hannuna."

Willa ta fara cewa kafaɗarta ce ke ciwo. Mama Ola ta katse ta. "Kafaɗar da kika ɗauki tukunyar wake da ita ɗazu? Koma ki riƙe. Ke kika ɓata, ke za ki gyara."

Ta koma ta riƙe, duk layi ya zuba wa hannunta ido. Wannan karon igiya ta tafi daidai, domin Willa gwana ce a kaɗi in ta ga dama, kuma wannan ya ƙara munin abin da ta yi. Ernestine ta kakkaɓe siket ta sake shiga. Maza suka bar nama a wuta suka zo suna tafi. Ta haye baitin farko, ta haye na biyu tana haki, ta kai ƙarshe, ta fice ta gefe ta faɗa jikin Lucille tana dariya har da hawaye.

Nyla ta damƙa wa Mama Ola wayar. "Riƙe min, Mama. Kaka, ta ina ake shiga?"

"Jira igiyar da ke kusa da ke ta tashi, sannan ki bi ta. Kada ki rufe ido, sakarya!"

Yarinyar ta harɗe har ba a ƙirgawa, ta kuma ƙi fita. Kafin nama ya gama gasuwa layin 'yan mata ya kai bakin shagon Lucille, har da masu furfura.

Willa kuwa, Mama Ola ta yanke mata hukuncin da ake yanke wa mai ha'inci tun zamanin da. Duk ranar da aka fito da igiya, ita ke riƙe baki. Har hutu ya ƙare ba a bar ta ta yi tsalle ko sau ɗaya ba.