Kwanona a Akwatin Farfesa

Shara nake yi a cibiyar binciken yanayi. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma a fannin kunya na kai digiri. Ko loma ba na iya kaiwa baki in ana kallona.

Shi ya sa na nemi maɓoya. A filin bayan ofis akwai wani farin akwati mai dogayen ƙafafu, jikinsa duk tsaga-tsaga, da wasu siraran gilasai a ciki. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Kullum ƙarfe ɗaya in na sayo abinci da zafinsa, sai in cusa kwanon ciki, in jira kowa ya watse.

Farfesa ce babbar wurin. Shekara talatin da takwas tana rubuta zafin garin a littafi, ko rana ɗaya babu giɓi. Ita ta gano damina na ja da baya, har manoma suka sauya lokacin shuka. Lambobin yabonta goma sha ɗaya ne, ni ke goge su.

Wata safiya ina share ofishinta, na ji tana ce wa mataimakinta, “Kwana sha tara ke nan zafi na tsalle da ƙarfe ɗaya, a farin akwatinmu kaɗai. Sau biyu ka canja ma'aunin zafin da ke ciki. Jibi kuma zan tsaya gaban taro da wannan. Ko na gano wani abu, ko tsufa ya gano ni.”

In na yi magana, aiki ya tafi. In na yi shiru, baiwar Allah za ta je gaban masana ta yi bayanin abincina. Sau uku na share wuri ɗaya.

“'Yar nan, tayil ɗin za ki cinye?”

“Ranki ya daɗe... akwatin nan... kwanona ne.”

“Ɗaga murya, kunnen ya yi ritaya kafin ni.”

Na maimaita, kaina a ƙasa. Mataimakin ya toshe baki ya fice.

Farfesa ta cire tabarau. Ta jawo littafin, ta ja jan layi a kan kwana sha tara, ɗaya bayan ɗaya. Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

“Ba zan kore ki ba, tunda bakinki ya buɗe kafin jibi,” ta ce. “Amma duk giɓi sai an rubuta dalilinsa. Ungo biro.”

“Rubutuna ba kyau, ranki ya daɗe.”

“Nawa ma likitoci ke karantawa. Rubuta.”

Na durƙusa gefen tebur. Ƙarƙashin rubutun shekara talatin da takwas, da haruffa kamar kaza ta yi tono, na sa: Abincin mai shara ne.