Angona a Cikin Kwalba

Daren jiya mafarki ya kai ni ɗakin jarirai na asibiti, inda jikana bakwaini, ɗan 'yata Sa'ade, yake kwance a kwalba. Komai yana nan yadda na san shi, sai dai ruwan ledar da aka ɗaura wa yara sama yake hawa, gadaje kuma suna ta kiwo a bakin taga.

Nas ɗin zabuwa ce, da farar hularta tsaf. Ta ce za a sake ɗibar jininsa a duba sukari. In ya hau, a fito da shi ya sha nono a ƙirjin uwarsa. In bai hau ba, ya ci gaba da zama a kwalba.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba baiwar Allah, yaron duka nawa yake? Ga nawa, ki ɗebi kofi guda."

Ta leƙa hannuna ta ce, "Naki duk goro ne, Iya."

Sai ga mu a gaban likita, wani bunsuru mai gilashi yana tauna labule. Ya ce in kwantar da hankalina. A da kunkuru suke aika da jini can ɗakin gwaji, kafin ya dawo da amsa yaro ya yi gemu. Yanzu na'urar gwajin a gefen gado take, ɗigo ɗaya daga diddige ya ishe ta.

Muka koma. Na'urar ba ta fi sabulun wanki ba, tana zaune ta harɗe ƙafafu. Zabuwa ta ɗan tsira wa yaron allura a diddige, ni ce na ce wash. Na'urar ta lashi ɗigon, ta juya shi a baki kamar mai ɗanɗana miya.

Ta ce, "Sukari ya yi ƙasa. Wace ce kakar yaron nan?"

Na ce ga ni.

"Kin tsokane shi?"

Kafin in amsa, murfin kwalbar ya ɗaga. Jikana ya tashi zaune, ya gyara wayoyin da ke ƙirjinsa kamar mai gyara babbar riga, ya dube ni rai a ɓace.

Ya ce, "Ke tsohuwa, kowane yaro a ɗakin nan kakarsa ta kira shi mijinta, ta ce ba ya cefane. Ni tun da na zo sai ki tsaya bayan gilashi kina share ido da mayafi. Ko kina ganin ba zama na zo yi ba?"

Maganar ta soke ni, don gaskiya ya faɗa. Tsoro ne ya hana ni. Ina son yaron nan har ina jin ciwon abin a ƙirjina, kuma na ɗauka in ban saba da shi ba, rashinsa zai zo mini da sauƙi.

Na gyara ɗaurin zani. Na ce, "Wa zai auri wannan? Ƙafa kamar tsinken tsire!"

Na'urar ta ce, "Sukarin ya motsa. Ƙara."

"Ango ba haƙori, ba gashi, ba ko wando! Ni na fasa, a kai kasuwa."

Ya ƙyalƙyale da dariya har wayoyin suna rawa. Lambobin na'urar suka riƙa hawa suna fita ta taga. Na ci gaba da tsokanarsa. Na'urar ta yi gyaran murya, ta buɗe baki za ta faɗi sakamako.

Ƙarar bokitin mai goge-goge ce ta tashe ni. Ina kan tabarma a barandar asibiti, gari ya waye, bakina bai daina cewa "mummuna" ba. Sa'ade na tsaye a kaina da kofin koko, idanunta sun kumbura.

Ta ce, "Inna, wa kike zagi haka?"

Na ce, "Mijina. Ajiye kokon nan ki raka ni wurinsa, ban gama da shi ba."