Safar Hannun da Kogi Ya Dawo da Ita

"Allurata ba za ta shiga fatar da za a sa wa mutumin nan ba," in ji Verna, ta dire kofin shayi har ya fantsalo kan tebur. "Ku je kanti ku saya masa ta roba."

Darlene na tsaye bakin ƙofa da jakar magani a kafaɗa. Ita ce nas ɗin garinmu, kuma 'yar yayan Verna ce, shi ya sa take iya faɗa mata abin da sauranmu sai dai mu faɗa a bayan ido.

"Goggo, ban ce ya mutu ba. Cewa na yi Baba Ambrose ba zai ga ƙarshen lokacin kamun kifin bana ba. Gara a soma shiri."

"A soma mana. Hannun wa na riƙe?"

Na kowa ta riƙe, kuma ta sani sarai. A garinmu ba a binne mutum hannu tsirara. Maza su haƙa kabari su haɗa akwati, mata su zauna su ɗinka wa mamaci sabon takalmi da safar hannu ta jemammiyar fata, a zuba mata fure da ƙananan duwatsun ado, don hanyar da zai bi akwai sanyi. Verna ce mai yankan fata tun muna da haƙoranmu. In ba ta ɗauki almakashi ba, babu macen da za ta yi gigin zura zare a allura. Ambrose kuwa ba mata, ba ɗa, ba 'yar'uwa.

Gidansa na kallon nata, hanya kaɗai ce tsakani. Shekara arba'in da ɗoriya ko "ina kwana" ba ta haɗa su ba. Amma ka tambaye ta yaushe hayaƙin murhunsa ya tashi yau, za ta faɗa maka, har da cewa itacen ɗanye ne.

Asalin abin, da can su biyun aure za su yi. Silas, yayan Verna, mahaifin Darlene, shi ya tsaya ya ce ba da shi ba, wai Ambrose karnukansa sun fi shi ƙiba. Har suka ci kwalar juna a gaban kanti, kowa na kallo. Duk da haka hanyar da suke kafa tarkon farauta ɗaya ce, da kogi ya daskare suka ɗaura wa karnuka amalanke suka nausa daji tare. A shekarar nan Verna ta ɗinka safar hannu biyu. Ta Silas mai jan fure, kowa ya gani. Ta Ambrose mai shuɗin fure, a ɓoye ta yi ta, wai ita a dole babu wanda ya sani. Duk mun sani.

Ana tsakiyar sanyi sai ga Ambrose ya dawo shi kaɗai, jan fure a hannunsa.

Ya ce ruwa ne ya taso a kan ƙanƙara, Silas ya zame ya dafa da hannu biyu, safarsa ta jiƙe sharaf. Silas zai wuce bukkarsu ta farauta mai nisa, shi kuwa Ambrose gida zai juyo, sai ya cire tasa busasshiya ya ba shi, ya karɓi jiƙaƙƙiyar ya gasa ta a wuta. Suka rabu a nan. Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba, bai rage ba.

To, a ƙasar nan mai rai ba ya rabuwa da safar hannunsa. Shi ya sa muke ɗaure ta da igiya a wuya. Kowa ya kalli jan furen nan ya tuna faɗan gaban kanti. Maza suka bi sawu, dusar ƙanƙara ta riga ta shafe. 'Yan sanda suka sauko a ƙaramin jirgi, suka tsare Ambrose da tambayoyi, suka koma, don babu gawa, babu karnuka, babu amalanken da suke ja. Verna ta tare shi a tsakiyar hanya ta fizge safar yayanta daga wuyansa.

"Ina wadda na ba ka?"

"Tana hannun Silas."

"Ka faɗa wa ƙanƙara, ita za ta yarda."

Maganarsu ta ƙarshe ke nan. Ta auri wani, ta haifa masa 'ya'ya, ta binne shi. Ambrose ya zauna haka nan. Duk kaka sai a tashi a tarar da cinyar nama a ƙofar uwar Darlene, kowa ya san shi ke ajiyewa, aka ce alhaki ne ke bin sa. Shekarar da ciwon baya ya hana shi farauta bai kai ba, aka ce ga halinsa ya fito. Bakin garinmu ai ba ya kwana da yunwa, nawa ma yana ciki.

Bana ƙanƙarar kogi ta fashe da ƙarfi, ruwa ya yi ta cin gaɓa. Kwana kaɗan bayan maganar allurar nan, mijin Darlene ya tafi da kwalekwale tsintar gungumen da ruwa ke kawowa. Can nesa ta inda kogin ke gangarowa, a wurin da gaɓa ta rufta, ya hangi ƙarfe ya leƙo daga daskararren laka. Ya tona kaɗan, ya ga ƙashin kare cikin ragama. Ya ƙara tonawa, ya ajiye shebur ya dawo gari ko gungume ɗaya bai ɗauko ba.

'Yan sanda suka sake sauka. Suka shimfiɗa leda a zauren taro suka jera abin da suka samo, suka aika a kira Verna. Ta zo da rigar coci, Darlene na riƙe da gwiwar hannunta. Mu kuwa muka cika tagogi, kowa na cewa wucewa yake yi.

Wata 'yar sanda ce ta tarbe ta, yarinya mai ladabi. Ta nuna wuƙa da ƙarfen ɗamara. Verna ta gyaɗa kai, na Silas ne. Sai yarinyar ta yaye wani ƙyalle.

"Kaka, wannan a hannunsa muka same ta. Ƙasusuwan yatsunsa suna ciki. Ko kin san aikin?"

Fatar ta yi baƙi kamar gawayi, ta ruɓe ta gefe. Amma dutsen ado ba ya ruɓa. Verna ta lashi babban yatsa ta goge lakar. Shuɗi. Ta ƙara gogewa. Ganyen fure huɗu shuɗi, na biyar kore shar.

"Shuɗin ne ya ƙare mini," ta ce, muryarta can ƙasa. "Jirgin kaya bai zo ba, na cike da kore."

"Ke kika yi wa yayanki ita?"

"Ba shi na yi wa ba."

Yarinyar ta ce babu alamar harsashi ko sara a ƙashin, ga dukkan alamu ƙanƙara ce ta ɓurma da shi da karnukansa gaba ɗaya. Abin da ba ta iya faɗa ba shi ne me ya kai Silas wurin, don ba hanyar bukka mai nisa ba ce. Hanyar garin sama ce, wanda ke gaba da mu ta inda kogin ke gangarowa. Har yau babu wanda ya sani. Sai dai masu dogon tunani sun tuna akwai wata bazawara a garin sama mai iya dariya. Ni ban ce komai ba.

Verna ta fito ba ta kalli kowa ba. Ta shiga gida, ta ɗora romon kifi. Da ya nuna ta juye a kwano, ta naɗo fata a hammata, ta sa almakashi a aljihu, ta tsallaka hanyar nan da ta fi ƙarfinta shekara arba'in. Ba ta ƙwanƙwasa ba.

Ambrose na kwance jikin taga, ya rame har gadon ya yi masa yawa. Darlene ta riga ta faɗa masa. Ya daɗe yana kallon mai shigowa.

"Gobara ce a gidanki?"

"Ɗakin nan wari yake kamar na karnuka. Tashi ka sha."

"An ce kin ce a saya mini ta roba."

"Wa ya ce?"

"Duk gari."

"Garin banza." Ta ja kujera ta zauna, ta tallafo kansa ta ba shi cokali biyu. Na uku ya kau da kai. Ta ajiye kwanon, ta tsura wa cinyarta ido. "Ka faɗa mini, ban yarda ba."

"Ni ma da ni ne ke, da ban yarda ba."

"Ai da ka sake faɗa."

"Wa zan faɗa wa? Bayanki?" Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ba ki san abin da ya fi ba ni haushi ba. Sau biyu kacal na sa safar nan. Ina ta tattalinta."

Verna ta fyace hanci da gefen riga. "Me Silas ya ce da ka ba shi?"

"Juya ta ya yi, ya ga koren nan. Ya ce, 'Wannan rowar shuɗi ai ta ƙanwata ce.' Sai ya ce in ya dawo za mu zauna mu yi magana kamar mutane."

Darlene da ke bakin murhu ta juya baya tana gyara wutar da ba ta bukatar gyara.

"Miƙo hannunka," in ji Verna.

Ta shimfiɗa fatar a kan bargo, ta ɗora tafinsa, ta zagaye shi da gawayi.

"Au, awon kabari kike yi mini da raina?"

"To so kake in jira ka sandare in yi ta kokawa da yatsunka? Buɗe su."

"Wane launi?"

"Wanda na ga dama."

Kafin rana ta karkata, mata sun ji almakashin Verna ya yi kuka. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa shigowa da gwangwanin duwatsunsu, masu ɗinkin takalmi suka zauna ƙasa, masu shayi suka kama murhu. Maza suka zo suka tsaya bakin ƙofa suna murza hula, kowa na neman abin faɗa. Wani tsoho daga cikin waɗanda suka bi sawu a wancan lokaci ya ce, "Ambrose, ana maganar kifi zai yi yawa bana." Ambrose ya ce, "Haka na ji." Ɗakin da shekara da shekaru ba ya jin muryar kowa sai ta rediyo, sai da aka buɗe taga don zafin mutane.

Ambrose ya ƙara kwanaki kaɗan. Kullum Verna na gefen gado da ɗinki, suna faɗa a kan wanda karnukansa suka fi gudu cikin mutanen da duk sun mutu. Ranar da kifin farko na bana ya shiga raga, ta gama ta dama, ta zura masa ta gwada.

"Ta matse?"

"Daidai," ya ce. Ya ɗaga hannun zuwa hasken taga yana juya shi. "Har yanzu shuɗin bai ishe ki ba?"

"Ya ishe ni. Haka na so."

Ta sunkuya ta ci gaba da ta hagu. Tana ba shi labarin surukarta da ba ta iya banda ba, ta kai inda ya kamata ya yi dariya, ba ta ji komai ba. Ta ɗago. Hannun na kwance a kan ƙirjinsa, rana na wasa a kan ganyen nan kore.

Ba ta kira kowa ba tukuna. Ta gyara masa bargo, ta matso da kujera kusa da taga inda haske ya fi, ta lashi bakin zare, ta sake zura shi a allura.