Lambobi Biyu a Juye

Ku 'yan gida, kun ji kwamfutar Baba ta yi shiru, kuka kau da kai, wai ta tsufa. Alhali tun da idonsa ya raunana ita ke karanta masa wasiƙu.

Auta ce ba ta yarda ba. Ta zauna a teburin falo ta buɗe direba, manhajar da ke haɗa kwamfuta da katin sauti, wato ɓangaren da ke fitar da murya. A ciki akwai jerin katunan da aka yi wa rajista, kowanne da lambar kamfani, sannan lambar kati. Sai a dubawa ta uku ta gano cewa wanda ya shigar da nasu ya juya lambobin, shi ya sa kwamfutar ba ta gane shi.

Ta gyara, ta sake kunnawa. Sai ga murya tana karanta wasiƙar Yaya.

"Auta, baƙo muka yi?"

"Mai karatunka ne, Baba. Sunansa aka rubuta a juye."

"To, ce masa ya rage gudu, ba korarsa ake ba," in ji Baba, yana gyara zama.

Ta tura wa masu kula da direban gyaran. Ku ma yau ku buɗe jerin, ku duba katinku.